Taken Maza a Filin Fagge

A bayan shagon gyaran rediyo na Ambrose da ke Sabon Gari aka kafa ƙungiyar Ƙarfe da Ƙwarya, a shekarar 1977. Ambrose haifaffen Kano ne, yaƙin basasa ya kore shi gabas, da aka gama ya dawo. Shi ke riƙe da jita mai lantarki, ƙaninsa Onyedika yana kan ganguna, sai Ogechi wadda ke kaɗa ogan a cocinsu ranar Lahadi. Na huɗunsu Abdulmuminu ne, malamin firamare daga Kwaciri, ɗan gidan malamai da alƙalai. Rediyon mahaifinsa ya kawo gyara, ya tarar suna gwaji, ya tsaya har suka gama. Washegari ya dawo da garaya a cikin buhu, don a gidansu ba wanda ya san yana kaɗa ta.

Kiɗansu ba na rawa ba ne. Waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin. Garaya za ta fara ita kaɗai, ogan ya biyo ta a hankali, can jita ta shigo da kururuwa, kuma da zarar mutum ya kama zaren kiɗan sai Onyedika ya sauya shi. Masu otal ba sa sake gayyatar su, amma ɗalibai kan cika ƙofar shagon da yamma, wasu a zaune kan matattun rediyoyi.

Duk Asabar Abdulmuminu kan ari rikodar Ambrose ya bi unguwanni neman tsofaffin kiɗe-kiɗe. A farkon 1979, lokacin da sojoji ke shirin miƙa mulki kuma tutocin jam'iyyu suka cika gari, aka kwatanta masa wani tsohon maharbi a Rijiyar Lemo. Tsohon ya kaɗa masa take uku. Da ya shiga na huɗu, karnukan da ke kwance a zaure suka miƙe gaba ɗaya. Wani mai faskare a ƙofar gida ya tsaya da gatari a sama, jikinsa yana karkarwa.

Tsohon ya ɗora tafin hannu a kan tsarkiya, kiɗan ya mutu.

"Wannan abin naka ya ɗauka?"

"Ya ɗauka, Baba."

"To goge shi. Taken maza ne, na 'yan tauri da mafarauta. A daji ake kaɗa shi, inda akwai abin kashewa. Ni kaina rabona da shi tun Turawa na nan."

Abdulmuminu ya ce to, amma bai goge ba. A hanya ya saurare shi sau huɗu.

A kan wannan taken suka gina waƙarsu mafi kyau. Ambrose ya sa jitarsa ta riƙa amsa wa garayar kamar mutum biyu suna cacar baki, Onyedika ya nemo wani bugu mai nauyi da ake ji a ƙirji. Ranar da suka fara kaɗa ta daga farko zuwa ƙarshe, ɗaliban ba su tafa ba. Ogechi ce ta lura da wani ɗan dako daga kasuwa a tsaye bakin ƙofa. Ya sauke kayan mutane a tsakiyar titi, idanunsa sun yi ja, yana goga wani guntun ƙarfe a damtsensa. Kwana biyu bayan haka su uku ne a wurin. Ba sa magana da kowa, kuma da an wuce tsakiyar waƙar sai su tafi.

"Malam, waɗannan mutanen ba kiɗa suke zuwa ji ba," in ji Ogechi. "Na san irin wannan kallon. Ina da shekara tara na gan shi a kan titin nan, gab da yaƙi."

Ambrose ya ce mata ta bar tuna baya, yanzu zamanin farar hula ke tafe.

Ana saura sati uku zaɓe wani Alhaji Abdurra'uf ya zo shagon. Shi ke shirya wa wata jam'iyya taruka a Fagge, mutum ne mai taushin murya da yawan murmushi. Ya ce yana son su yi wasa a babban taronsu, kuma zai haɗa su da masu buga faifai a Legas. Ambrose ya yi shekara biyu yana mafarkin faifai.

"Musamman waccan mai garaya a tsakiya," in ji Alhajin. "An ba ni labarinta."

"Alhaji, banda ita," in ji Abdulmuminu. "Muna da wasu."

"Yadda ka ce, Malam. Ai kai ne mai abin."

Ogechi ta ce ita ba za ta je ba, kuma ba ta je ɗin ba.

Bayan la'asar aka fara taron, a wani fili kusa da babban titi. Daga kan dandamali Abdulmuminu ya ga cewa waɗanda ke gaba ba 'yan unguwa ba ne. A manyan motoci aka kawo su, da gorori da layu a damtse, wasu riƙe da karnuka. Ya gane ɗan dakon nan a cikinsu. Suka kaɗa waƙa biyu, mutanen ko motsi ba su yi ba, sai kallon garayar suke.

Sai wani dogo mai tabo a wuya ya hau dandamalin ba tare da kowa ya tare shi ba. Ya zare wuƙa ya ajiye a kan lasifika, ya durƙusa kusa da Abdulmuminu kamar mai gaisuwa.

"Malam, a ba mu namu."

Abdulmuminu ya waiwaya neman Alhaji Abdurra'uf. Yana zaune a rumfar manyan baƙi, yana duba agogonsa.

"Malam, kaɗa kawai," in ji Ambrose ƙasa-ƙasa. "Minti biyu, mu sauka mu tafi."

Ya kaɗa. Taken da tsohon ya yi wa karnuka a zaure yanzu ya fita ta lasifika huɗu, jita da ganguna na tura shi. Dogon ya yi wata irin ƙara, ya ɗauki wuƙar yana gurza ta a cikinsa, sauran ma suka zare nasu suna kirari. A daidai lokacin ne jerin motocin wata jam'iyyar ya ɓullo kan titi da tutoci, mata suna waƙa a bayan a-kori-kura. Daga baya Abdulmuminu ya ji cewa tun sati guda kowa ya san da wane lokaci za su wuce ta nan.

Ya saki garayar, Ambrose ya fizge wayar jita, amma ba wanda ke buƙatar kiɗa kuma. Filin ya kwarara kan titi. Onyedika ya hango wata mata ta faɗo daga mota, ya diro ya nufe ta, ya tare saran da aka kai mata da hannun dama. Kafin 'yan sanda su iso an ƙone mota biyu, an kuma kashe wani tela da ya fito rufe shagonsa. A asibiti aka cire wa Onyedika yatsu uku.

Ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba. Ogechi ta koma wurin 'yar uwarta a Aba. Ambrose ya rufe ɗakin gwaji ya cika shi da tsofaffin talabijin, in Abdulmuminu ya zo sai su gaisa a tsaye. A gida mahaifin Abdulmuminu bai yi faɗa ba. Ya kira shi zaure ya tambaye shi sunan telan, da ya kasa faɗa, ya ce ya je ya nemo, ya yi wa iyalinsa ta'aziyya, ya kuma gaya musu ko shi wane ne. Ya je. Matar telan, Fanta, ta saurare shi ta bayan labule har ya gama, ta ce Allah ya ji.

Abin da babu wanda ya sani cikinsu shi ne an ɗauki wasan a kaset daga lasifikar taron. Minti biyun nan kawai aka yanka aka maimaita har ya cika gefe guda. Kafin a gama zaɓe ana sayar da shi a kasuwar Sabon Gari ba suna a jikinsa, kuma 'yan bangar kowane ɓangare sun mallaki nasu.

A satin da aka rantsar da sabuwar gwamnati Abdulmuminu yana koyar da 'yan aji biyar lissafi da hantsi, sai wata mota mai lasifika a ka ta taho a hankali ta bayan katangar makaranta. Ya ji garayarsa, har da inda yatsansa ya zame don tsoro. Ya je ya rufe tagogi. Da ya juyo, yaran layin baya sun fara buga taken a kan tebura da 'yan yatsu, daidai, ba kuskure ko ɗaya.

"Wa ya koya muku wannan?"

Suka dubi juna. Wata yarinya a layin gaba, Raudha, ta ɗaga hannu.

"Malam, ai kowa ya iya. Yayana ma ya ce in an ƙara zaɓe har da shi za a fita."

Ya tambaye ta shekarun yayan nata. Ta ce sha huɗu.