Tsamiya Mai Yankakkiyar Saiwa

Ƙarya tana nan a ƙaryarta idan wanda aka yi wa ba zai kai ranar da za ta tonu ba? Ban san amsa ba. Kafintan da abin ya faru da shi ma bai sani ba.

Ya ɗauko mahaifinsa ya dawo da shi sabon gidan da ya gina, tsakar gida fayau, ko ciyawa babu. Tsohon ba ya iya tafiya, sai a fito da shi a jingina shi da bango. Abu ɗaya ya roƙa: tsamiya, irin wadda ya tashi a gindinta.

"Kada ka kawo min baƙon icen nan mai saurin girma," in ji shi. "Inuwarsa ba ta san ni ba."

Kafinta ya je bakin titi wurin mai sayar da dashe. Furannin waje ne a gaba, an jera su an yi musu feshi. Itatuwan gida kuwa suna can baya kusa da kwata. Mai dashen ya ɗago wata tsamiya a baƙar leda, ba ta wuce tsawon cokali ba.

"Wannan yaushe za ta yi inuwa?"

"Maigida, jikokinka za su gode maka."

A gefe akwai wata da ta fi mutum tsawo, ganyenta shar, an naɗe gindinta da buhu. Mai dashen bai ɓoye masa ba. Daga daji aka haƙo ta, kuma tsamiya babbar saiwarta zurfi take yi, dole sai an sare ta. Za ta yi 'yan watanni tana nan koriya da ruwan jikinta, sannan ta bushe a tsaye.

"Masu taro suke saye, don hoto."

"Ba zan dasa wa Baba gawa ba," kafinta ya ce. Ya ɗauki ƙaramar.

Da ya dasa ta, tsohon ya daɗe yana dubanta. Bai yi ƙorafi ba. Cewa kawai ya yi a mayar da shi ɗaki, rana ta yi yawa. Daga nan bai ƙara neman a fito da shi ba.

Ana haka jikin tsohon ya tsananta, aka kai shi asibiti. Likita ya ja kafinta gefe a baranda, ya ce a kai tsohon gida, a ba shi duk abin da ransa yake so. Damina ma da wuya ya gani.

Washegari kafinta ya koma bakin titi. Babbar tana nan a buhunta.

"Wata nawa ka ce tana yi?"

Mai dashen ya dube shi, ya bar wasan da ya zo bakinsa. "In ana ba ta ruwa safe da yamma, za ta kai damina."

Kafinta ya taɓa ganyen. Sannan ya sunkuya ya kama gindin buhun.

"Kama min can," ya ce.