Hanyar Kangon Tambari

"Kama ni in tashi," in ji Malam Tambari, ya miƙo mini hannu daga kan tabarma.

Na kama. Hannun ba nauyi, sai zafi. Ya daɗe a kwance, yau kuma ya kafe sai ya fita.

Ni baduku ne, ina ɗinkin takalma a bakin kangon gidansa. Tun da katangar wurin ta zube ya ƙi tayar da ita, mutanen Sakkwato suka mai da kangon hanyar ratse daga kasuwa zuwa gulbi. Masu ɗebo ruwa, Fulani masu nono, fatake da jakunansu, duk ta nan. Ƙafar da ke wucewa ita ke ciyar da mu: ni, da wani wanzami, da Lailatu mai waina da ke riƙon marayu. Wanda ya tsaya gyaran takalmi ƙanshin waina zai kama shi, wanda ya zauna cin waina zai tuna sumarsa ta yi yawa.

Sai ga ɗansa Hayatu ya kawo magina za su toshe wurin, yana son ɗaki don iyalinsa. A zuci na tsani kowane tubali. In aka toshe, jama'a za su zaga ta bayan masallaci, mu kuwa mu zauna korar ƙuda.

"Baba, koma ka kwanta," in ji Hayatu da ya gan mu a zaure. "Hilinmu na hwa, ba na gari ba."

"Hilina na, tunda ban mutu ba. Kira min liman da mai unguwa."

Da suka zo, liman ya ce ya isa ya faɗa daga zaune. Tsohon ya ƙi. Ya ce da ƙafarsa zai nuna iyaka, kada gobe a ce zazzaɓi ne ya yi magana. Ya rataya a kafaɗata muka shiga kangon, yana jan ƙafa, numfashinsa na kaɗa mini kunne. A tsakiya gwiwarsa ta lanƙwashe. Na ce in goya shi, ya harare ni har na ji kunya.

Da muka kai tsamiyar da ke ƙarshe, ya dafa ta ya juyo.

"Ku shaida. Daga rumhwar baduku har iccen ga, na bar ma Allah. Ba a saidawa, ba a gado."

"To ni ina za ni aje iyali?" in ji Hayatu.

"Ɗakina. Na kusa ba ka shi."

Lailatu ta bar waina tana ƙonewa a tanda, ta rufe fuska da zane. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tsohon bai kai Juma'a ba. Masu ta'aziyya suka yi wa zaure yawa, aka shimfiɗa tabarmi a cikin kangon. Hayatu na zaune ya miƙe ƙafa, tun ranar ko kallona bai yi ba. Can sai wata mata ta taho daga gulbi da tulu a ka, ta ga maza sun cika hanya, ta tsaya tana shirin juyawa.

Hayatu ya dube ta. Ya janye ƙafafunsa, ya naɗe gefen tabarmar. Ta wuce a hankali, ruwa na ɗiga daga tulun a kan yashi.