Ƙyauren Ɗakin Dogo

Kafinta ya cire ƙyauren ɗakin ɗansa da hantsi, ya saɓa shi a kafaɗa, ya wuce da shi shago.

Dogo na zaune a bakin katifa yana kallo, bai ce uffan ba. Shirun nan ne ya fi ƙona wa tsohon rai. Da ya tashi ya riƙe ƙyauren, ko ma ya zage shi, da ya san da sauran namiji a ɗakin.

Matarsa ta biyo shi har bakin ƙofar gida. "Malam, don Allah. Likita fa cewa ta yi a bi shi a hankali."

"Likita! Yarinyar da na haifi wadda ta girme ta."

Sau ɗaya ya raka Dogo asibitin masu taɓin hankali, ya rantse ba zai koma ba. Likitar ta zaunar da shi tana yi masa bayani kamar ɗan yaye. Wai magani ya kashe muryoyin da Dogo ke ji, amma ciwon bai tafi hannu rabbana ba. Wai daɗin da kowa ke samu a cikin mutane shi ba ya hango shi, wahalar kawai yake gani. Wai gaisuwa ɗaya a wurinsa kamar ɗaukar buhun siminti ce. Kafinta ya dubi farcenta. Wannan ta taɓa ɗaukar buhun siminti?

Ai ga shi nan: ka miƙa masa katako a ɗaki, zai wuni yana gogewa har ka ga fuskarka a ciki. Hannu lafiya lau. Amma a ce fito ka yi wa mai kaya sannu da zuwa, sai ka ce an tura shi aikin gayya. A wurin Kafinta wannan ba ciwo ba ne. Raini ne.

Abu ɗaya Dogo ke yi kullum. In ya sha maganinsa da safe, sai ya buɗe ƙofa, ya tako har gindin famfo, ya gaida uwarsa, ya ce wa ƙanwarsa Auta, "Kin tashi lafiya?" Sai ya koma ya rufe. Uwar takan wuni da murnar wannan.

"Kaza ma tana yin haka," in ji Kafinta.

Da aka cire ƙyauren, fitowar ta tsaya cak. Dogo ya juya fuska bango, ya lulluɓa da bargo cikin zafin nan. Katakon da ke hannunsa ya bar shi rabi a goge. Auta ta rataya zane a ƙofar, uban ya fizge ya jefa mata.

A shago kuwa maƙwabtansa Tela da Mai Faci ba su bar shi ya sha ruwa ba.

"Ina magajin naka? Har yanzu hutu ake?"

"Bar shi mana, manya ba sa fita rana."

Kafinta ya ɗora ƙyauren a kan teburin aiki, ya ɗauki zarto. Kafin yamma ya zama benci mai kyau, ya ajiye shi a gaban shago, inda kowa ke wucewa.

Washegari matarsa ta tare shi. "Ka mayar masa da ƙyaurensa. Da yana fitowa ne don ya san yana da inda zai koma."

"Yau ke ce likitar?"

Ya tsaya a bakin ɗakin Dogo, bai shiga ba. "Kai! Ko ka same ni a shago yau, ko ka nemi wani gidan. Na gaji da kiwon ƙato."

Rana ta ɗaga sosai kafin Kafinta ya hango shi daga shago. Dogo yana tahowa ta gefen bango, ya ɓalla maɓallan rigarsa a karkace, gumi ya jiƙa masa baya sharkaf kamar wanda ya sauke kayan mota. In mutum ya gifta sai ya tsaya, ya jira, sannan ya sake ɗaga ƙafa.

"A'a!" in ji Tela. "Yau an ga wata a gari!"

Dogo ya gaida Tela. Ya gaida Mai Faci. Muryar ba gishiri, idon na ƙasa, amma ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da matar da ta zo karɓar kujerarta.

Kafinta ya taɓe baki. Ashe yana iyawa. Duk shekarun nan ashe yana iyawa.

Ya nuna masa bencin. "To, zauna nan. Kullum nan ne wurinka."

Dogo ya dubi bencin. Ya sunkuya ya sa yatsa a ramukan da sakata ta bari a gefensa. Ya daɗe a haka, har Tela ya daina dariya.

"Zauna, na ce."

"A'a, Baba. Ba zan zauna ba."