Zafin Ƙarya a Kwamfutar Turai

Turai na cikin tambayar ɗanta ko yana samun abinci mai kyau, sai jan rubutun nan ya sake fitowa, kwamfutar ta yi ƙara ta mutu. Fuskar Sharfuddeen ta ɓace, aka bar ta ita kaɗai a tsakar gidanta na unguwar Umbadda, a hayin Khartum, da mafici a hannu.

Tsohuwar kwamfutarsa ce, ya bar mata da zai tafi aiki Riyad. Shi ya gaya mata in jan rubutu ya fito, to zafi ta ɗauka. Ba abin da Turai ba ta gwada ba. Ta ajiye ta a gindin randa, ta yi mata fifita kamar mai jinya. Amma duk Juma'a in ya kira, da an gama gaisuwa sai kwamfutar ta katse su.

Washegari ta naɗe ta a zane, ta hau raksha mai ƙafa uku, ta kama motar da ke haye gada zuwa Khartum. A kasuwar Suƙ Arabi aka nuna mata shagon Ashafa mai gyara, wanda kakanninsa ma daga Katsina suka zo.

Ashafa ya kwance bayanta, ya hure ƙurar fanka, ya kunna. Da jan rubutun ya fito, sai ya kama hannun Turai ya ɗora a kan ƙarfen.

"Ji nan, ya Hajja. Akwai zafi?"

"Sanyi ƙalau."

"To kin gani, ƙarya take yi. Ɗan abin da ke auna mata zafi ne ya tsufa, yana ihu ba gaira ba dalili. Zan iya rufe masa baki. Amma ranar da ta yi zafi da gaske, ba mai gaya miki."

"Rufe, ɗan nan," in ji Turai. "Magana nake so in yi da yarona har in gaji."

Ranar Juma'a bayan la'asar ta yi kwalliya da sabon mayafi ta zauna. Suka gaisa. Ta ba shi labarin rasuwar maƙwabcinsu Malam Shitu, da katangar da ruwa ya ci, ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ya kyauta. Ta jira ya ƙara wani abu. Idonsa na ta komawa kan wayar da ke hannunsa.

"Yumma, yau ba ta mutu ba?"

"An gyara ta."

"Madalla." Ya shafa kai. "To Yumma, abokaina na jirana a waje. Sai wata Juma'ar."

Hoton ya ɗauke. Kwamfutar ta ci gaba da aiki lafiya lau, tana nuna wa Turai fuskarta da sabon mayafin. Ba ta san inda ake kashe ta ba, don ba ta taɓa buƙata ba. Haka ta zauna a gabanta har aka kira magariba.