Ta'aziyya a Damri

Misbahu da Jatau 'ya'yan wa da ƙani ne, dukansu mahauta a kasuwar Talata Mafara, teburansu na kallon juna. Misbahu dogo ne, mai tsabta, ga iya magana. Jatau kuwa i'ina gare shi, kafin ya ce "barka da zuwa" mai saye ya gama zaɓen tsoka. Amma a teburin Jatau mutane ke taruwa, ana hira ana dariya, shi ma yana taya su.

Wannan abu ya daɗe yana cin Misbahu a rai. Shi da ke auna kowace kalma, yana gyara zaman hula in ya hango mutum, me Jatau ya fi shi da shi?

Ana nan sai Alhaji Ishaq na Damri, dillalin da ke kawo musu shanu, ya rasu. Baffansu Yari ba ya jin daɗin jiki, ya ce su biyu su je ta'aziyya a madadinsa, Jatau ne zai yi magana.

"Baffa, Jatau?" in ji Misbahu. "Sai magariba ta yi bai gama ba."

Jatau ya ce, "B-bar shi ya yi, Baffa. Ya hi ni baki."

Suka hau babur zuwa Damri a ƙasar Bakura. Zauren gidan cike yake da dattawa. Misbahu ya durƙusa ya fara, murya na fita sumul, amma hankalinsa na kan fuskoki: wancan tsohon ya gyaɗa kai kuwa? Sun lura da shaddarsa? Cikin haka ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji Murtala."

Alhaji Murtala, ƙanen mamacin, yana zaune gabansa da ransa.

Jatau ya matso. "Ku yi m-mashi uzuri, ruɗewa ta. Ni kun san harshena, ba ni dogon zance. Alhaji Ishaq bai taɓa ƙ-ƙarasa min magana ba. Kullum jira yakai har in gama. Allah shi gahwarta mai."

Alhaji Murtala ya share ido da bakin rawani, ya riƙe hannun Jatau ya daɗe bai saki ba.

A hanyar komawa Misbahu ya tsayar da babur bakin wata gonar shinkafa.

"Kai ba ka jin kunya in suna kallonka?"

"Ina ji mana. Amma na san inda nike t-tuntuɓe, sai in rage kaya. Ka san Alhaji nika tunani, ba ni ba."

Misbahu ya so ya ji haushin maganar, ya rasa ta inda zai kama. Da suka isa gida Baffa Yari ya tambayi yadda aka yi, Jatau ya ce lafiya lau aka yi, ya tafi alwala. Misbahu ya bi bayansa da kallo, yana jin da ma Jatau ya tona shi, da ya fi masa sauƙi.