Tunkiyar Inna da Ruwan da Rana Ta Dafa

Tunkiyar Inna ta fara naƙuda tun da hantsi, har azahar ba ta haihu ba. Fara ce mai baƙin kunne, ita kaɗai ta rage daga garken da kakana ya bari, kuma Inna ba ta taɓa yarda a yi maganar sayar da ita ba. Da na ga ta daina yunƙuri ta kwanta, sai na kira Kawu Yuguda, yayan Inna, wanda ya yi shekara arba'in yana kiwo a Kwadon. Ya zo ya sa hannu, ya girgiza kai.

"Ɗan ya gitta," in ji shi. "Wannan ya fi ƙarfina."

Muka sa ta a keke napep daga Jekadafari zuwa wani ƙaramin asibitin dabbobi a Arawa. Watan Afrilu ne, rana kamar za ta narka kwalta. Inna ta biyo mu har ƙofar gida, ba ta ce komai ba sai, "Salahu, ka dawo mini da ita."

Likitar, Dakta Juliana, ta duba ta ce sai tiyata, kuma yanzu. Mai taimaka mata ya tafi rigakafi ƙauye. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kana iya karanta lamba?"

"A aji uku na bar sakandare, Dakta, amma lamba ba ta gagare ni."

"Kana iya tsayawa wuri ɗaya awa guda?"

Kawu ya yi dariya. "Wannan? Ya yi faci, ya yi acaɓa, ya yi dakon ruwan leda, duk a shekara ɗaya. Ko sallah da ƙyar yake kaiwa tahiya."

"Yau zai tsaya," in ji ta. Ta miƙo mini ma'aunin zafi, ɗan siriri mai ƙaramin allo. Ta nuna mini yadda zan sa shi a duburar tunkiyar, in jira ya yi ƙara. "Duk minti biyar ka auna, ka faɗa mini da ƙarfi. Lafiyayyar tunkiya tana wajen talatin da tara. Hannuna da idona suna cikin cikinta, ba zan iya duba wannan ba."

Muka kwantar da ita a tebur. Dakta ta yi mata allura, ta aske kwiɓinta na hagu, ta wanke, ta rufe ta da koren ƙyalle. Kawu ya riƙe kai, ni ina wajen wutsiya. Babu wuta a unguwar, amma akwai fanka mai caji a kusurwa, Kawu ya juyo da ita saitin tebur.

"Talatin da takwas da ɗigo bakwai," na ce.

"Da kyau."

Ta fara yanka. Na kawar da kai na kafa ido a agogon bango. Ban taɓa sanin minti biyar yana da tsawo haka ba.

"Talatin da takwas da ɗigo ɗaya."

"To."

Awo na uku ya nuna talatin da bakwai da ɗigo huɗu. Na ɗauka na yi kuskure, na sake aunawa. Haka dai. Gumi yana zuba a bayana, rigar Dakta ta jiƙe sharkaf, amma tunkiya sanyi take yi.

"Sake faɗa," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Na sake. Ta ce in kashe fanka. Da na dawo, sai na ji ƙafata ta taka ruwa. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin tebur. Ruwa ne yake ɗiga daga wajen kai. Kawu ya cire hiraminsa, yana jiƙa shi da butarsa, yana shimfiɗa wa tunkiyar a wuya da ƙirji a ƙarƙashin ƙyallen. Haka yake yi wa kowace dabba da ta wahala a bazara, kuma na sha ganin hakan ya tashe su.

Ban taɓa ce wa Kawu ya daina wani abu ba a rayuwata.

"Kawu," na ce, "don Allah a ɗan ɗage hiramin nan."

"Kai, ɗan nan, yaushe ka zama likita? Minti goma da riƙe tsinke?"

"Sanyi take ji, Kawu."

"A wannan ranar? Taɓa goshinka ka ji."

Ma'aunin ya yi ƙara. "Talatin da shida da ɗigo tara."

Nan Dakta ta ɗago. "Baba, ka cire shi. A daji daidai kake. Amma allurar da na yi mata ta hana jikinta riƙe ɗumi, ga ciki a buɗe. In ta ci gaba da sauka, ko na gama ɗinki ba za ta tashi ba."

Kawu ya taɓa kunnen tunkiyar. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya zare hiramin ya yar a ƙasa, ya cire rigarsa ta sama ya fara goge mata wuya.

"Ina bukatar ruwan ɗumi a gora," in ji Dakta. "Butar dafa ruwana ta lantarki ce. Kafin a hura gawayi mun makara."

Sai na tuna abin da na gani muna shigowa. A ƙofar shagon da ke maƙwabtaka an jibge jakunkunan ruwan leda a rana. Na yi wata huɗu ina dakon su. Na san na saman nan zafi suke yi har mutane su ƙi saya.

"Dakta, ki ba ni minti biyu."

Na fita da gudu. Mai shagon, wata mata da ake kira Lami, ta ga na sungumi jaka biyu daga sama.

"Malam, akwai mai sanyi a ciki!"

"Mai zafin nake so, Anti!"

"Ikon Allah. To ɗauka, dama sun dame ni."

Dakta ta sa na ɗora leda ɗaya a damtsenta don ta ji zafin. "Daidai. Naɗe su a tawul, kar su taɓa fata kai tsaye." Na jera su a bayan tunkiyar, na cusa a hammata da tsakanin cinyoyi. Kawu yana karɓa yana yin na wajen ƙirji.

"Talatin da shida da ɗigo bakwai."

Dakta ta zaro ɗa na farko. Ya riga ya mutu. Ta zaro na biyu ta miƙa wa Kawu, ya share masa hanci, ya murza shi da rigarsa har ya yi atishawa.

"Talatin da shida da ɗigo bakwai." Bai sauka ba.

Na canza ledojin da suka huce. Na sake aunawa.

"Talatin da bakwai da ɗigo ɗaya!"

"Ba sai ka fasa mini kunne ba," in ji Dakta, amma na ga idonta yana dariya.

Kawu ya leƙo. "Nawa yanzu?"

"Sai minti biyar sun cika, Kawu."

"To auna mana, me kake jira?"

Ta gama ɗinki yana talatin da bakwai da ɗigo takwas. Muka sauke tunkiyar kan buhu a inda rana take shigowa ta taga. Ban ajiye ma'aunin ba sai da ya nuna talatin da takwas da ɗigo shida, wajen la'asar. Can ta ɗaga kai, ta yi wani siririn kuka. Ɗan ya amsa. Ta kafa gwiwoyin gaba, ta faɗi, ta sake kafawa, ta miƙe tsaye tana rangaji.

Na kira Inna. Na kai wayar kusa da bakin tunkiyar.

"Ita ce?" in ji Inna.

"Ita ce, Inna. A tsaye take. Ki share wuri, mu uku za mu dawo, ni da ita da ɗanta, Kawu ne na huɗu."