Rimot ɗin da Ya Kama Gwaggo

Injiniya, kamar yadda 'yan layin suke kiransa, sana'arsa haɗa rimot guda da zai sarrafa talabijin da fanka da rediyo. Yakan saita tsohon rimot a gaban wata 'yar na'ura, ita kuma ta kama hasken da ido ba ya gani, ta zubo shi a kwamfuta a dogon jerin lambobi, tsawon kowace ƙyaftawa da na shirun da ke bin ta. Sai ya matse jerin ya zama gajeriyar lamba, ya ɗura wa sabon rimot.

Ran nan da hantsi yana wannan aiki a falo, sai gwaggonsa, wadda ta zo kwana uku ta shiga wata na biyu, ta gifta tsakanin rimot da na'urar riƙe da dutsen guga mai zafi, tana mitar tsadar sabulu. Lambobin suka fito ninki biyu. Bai kula ba, ya matse ya ɗura.

Ya danna rage sauti. Talabijin ko gezau, amma muryar Gwaggo ta yi ƙasa. Ya danna canza tasha, ta saki zancen sabulu a tsakiyar kalma ta kama na ciwon gwiwa. Ya sake dannawa, ta koma kan maƙwabcin da ya ci mata iyakar gida shekara talatin da suka wuce.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Ka ji tsoron Allah, yayar babanka ce fa!" Sai ta rage murya. "Akwai na kashewa?"

Bai yarda ya taɓa wannan ba. Amma hannu ya riga ya saba, ya yi ta dannawa har tasha ta arba'in da bakwai. Nan Gwaggo ta ajiye dutsen guga, ta zauna, ta ba da labarin yadda tana budurwa ta tuƙa motar kaya cike da buhunan siminti, direban na kwance a baya da zazzaɓi, ta kai shi asibiti ba tare da ta canza giyar motar ko sau ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa jin wannan a dangi. Injiniya ya saki baki, abinci ya ƙone a kicin.

Da ta gama, ta dubi hannunsa. "Kai, mene ne wannan kake nuna ni da shi tun ɗazu?"

Ya faɗa mata gaskiya, yana jiran mari.

"Miƙo nan."

Ta juya shi saitin ƙirjinta, ta danna, ta saurari kanta na ɗan lokaci, ta gyaɗa kai. "Ashe ina da labarai haka, kuka bar ni da sabulu?"

Washegari ta haɗa kayanta, ta ce akwai 'yan'uwa da yawa da ba su ji ta arba'in da bakwai ba. A bakin ƙofa ta sa ya ƙaro mata batir huɗu.